Tunkiyar da Malam Ya Bari

Da mijina Malam ya rasu a Unguwar Gai, abin da ya zo hannuna a gado tunkiya ce guda, fara mai baƙin kunne. Jinin tumakin babansa ce, kuma ita kaɗai ta rage mace, don duk abin da ta haifa raguna ne. Da ita na yi hirar takaba.

Ɗana na fari yana karatun likitan dabbobi a birni. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zaunar da shi ta yi masa tambayoyi. Shekara biyu da ƙaddamar da shari'a ya zo, ranar kasuwar Kibiya. Ya tsuguna a ƙofar ɗakina yana magana da gwaggonsa, ni ina ciki ina ji. Wai aikin bincikensa na ƙarshe a makaranta sai da tumakin da suka taɓa haihuwa, saura ɗaya su cika. Na ce, "A ce masa ya ɗauka." Me za a yi mata, yaushe za ta dawo, duk suna bakina. Kunya ta hana.

Matarsa ce ta warware mini, da ta zo gaishe ni bayan wata uku.

"Inna, kin san robar da ake sa wa mata a asibiti don tazarar haihuwa? Akwai siririn jan ƙarfe nannaɗe a jikinta. Irinta suka sa wa tumakin a mahaifa. Suna ɗibar ruwan wurin suna aunawa, wai ƙarfen yana sauya shi har iri ya kasa rayuwa."

Na ce, "To, in sun gama sai su cire mata."

Ta sunkuyar da kai. "Sai an yanka ake duba mahaifar, Inna. Jibi ne."

"Ke ba ki da baki ne? Ki gaya masa!"

"Wallahi na faɗa. Ya ce in aka zare ɗaya, wahalar shekara ta tashi a banza."

Motar Kano ba ta yankewa a tasha. Na yafa mayafi, na kai zaure, na tsaya. In na je, da wace fuska zan dube shi? In ce ya fasa karatu saboda tunkiya? Na dawo na zauna a gindin turkenta.

Ya ci jarrabawa. Ya aiko mini da tumaki biyu daga kasuwar Rano, manya, masu kyau. Na sa aka yi masa godiya. Bai san na yi kuka ba, 'yar nan. Ga shi ke nake gaya wa kina rubutawa, shi kuwa har gobe ba zan iya ba.