Adda Zubaida, Wadda Baffa Ya Yi Wa Magana

"Damuwar shekara da shekaru za ki sauke a zama ɗaya, Adda? Ko zazzaɓi ya fi ƙarfin haka."

"To Malam Haladu, cikin waɗanda ka ce su dawo wani satin, wa ka sake gani?"

"Wannan kuma laifinsu ne."

"Laifin hanyar Gwiwa ne da damina. Mutum ya bar gonarsa ya zo, kai kuma ka cinye zaman da tambayar sunan kakansa."

Daga kan bencin ƙofa na ji wannan gardamar, ina zaune kusa da mahaifina. Adda Zubaida ma'aikaciyar jinya ce a ɗan sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na wani asibiti a Kazaure, su biyu ne kacal, ita da Haladun. Kullum da safe ita ke buɗe ɗakin, ta ture tebur gefe ta shimfiɗa tabarma, don ta lura mutanenmu ba sa sakin jiki a kan kujera.

Ita ta kawo tsarin ɗaukar kowane zama kamar babu wani a bayansa. Mai son dawowa ya dawo, mai buƙatar likita ta tura shi. Amma tambayarta ta farko ɗaya ce: "In yau kaɗai za mu haɗu, me kake so ka koma gida da shi?"

Wata Saude ta Babura ta daina fita tun rasuwar mijinta. Sau ɗaya ta hau tabarmar nan. Ƙaninta ya ce min yanzu ta koma dama furarta a kasuwa. Haladu ma an ce ya fara yin tambayar, yana faɗin dama tasa ce.

Mahaifina, Baffa Daudu, ya yi shiru tun da aka kore masa shanu. Ni ke kai masa ruwan alwala. Ni ke masa aski. Dominsa na haƙura da ci gaba da karatu. Abin da nake samu, "to". Ni ne ɗan fari, don haka ko sunana ba ya kamawa, sai dai "yaron nan".

Ranar da na kai shi asibitin, da layi ya zo kansa ya shiga wurin Adda. Ta jikin ƙofa na ji muryarsa ta daɗe tana tafiya. Sai na ji ya ce "Rilwanu". Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma ba ni ya faɗa wa ba.

Da suka fito na tare ta. "Adda, me ya ce?"

"Maganarsa ce, ƙanina. In ya so zai ba ka."

"Ni fa ɗansa ne."

"Shi ya sa ta yi masa nauyi."

Adda, ke ce kika samu a yini guda abin da na yi shekaru ina jira, mai kunnen haƙuri. Har yanzu abin na ci na. Amma Baffa ya koma masallaci, yana cin tuwo, har kiwon awaki ya kama. Na gode, Adda, Allah ya saka miki. Ma'aikatan lafiya na Roni da Babura, ku je ku ga yadda ake sauraron mutumin da mai yiwuwa ba zai dawo ba.

Jiya na sami Baffa yana ɗaure awaki. Na riƙe masa igiya, na tambaye shi. Ya ci gaba da ƙulli kamar bai ji ba. Na sake matsowa.

"Baffa, me ka ce mata a kaina?"