Abin da Lado Ya Ɗauko a Gonar Simsim

Kakannin Lado 'yan hanyar Makka ne. Sun sauka a Gadarif, a ƙasar Sudan, don su yi damina ɗaya su wuce, sai zama ya miƙe har jikoki. Mutanen unguwa kan ce ƙafar da tsofaffin suka ajiye ita Lado ya gada, don bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko jabana aka zuba masa, wato gahawa, a tsaye yake kurɓa.

Direba ne a wani ofishin gwamnati mai yaƙi da fara da tsuntsayen da ke cinye dawa. Boksi yake ja, ƙaramar motar kaya, yana kai masu feshi gonakin Simsim da Hawata.

Wata kaka, shekaru kafin yaƙi, ana cikin yankan riɗi, aka ce ya kai wasu baƙi biyu Simsim. Ba masu feshi ba ne, kuma ba wanda ya gaya masa sunansu. Sun isa gonar da azahar, suka tarar leburori sun zubar da lauje sun ja da baya. A tsakiyar gonar riɗi ya kwanta, kuma a kansa akwai wani abu kamar ƙatuwar ƙwarya a kife, ruwan toka, ba ƙusa, ba rubutu, ba inda aka haɗa shi.

Wani dattijon lebura mai suna Mato ya raɗa wa Lado cewa tun hantsi suka ga abin tsaye a sama ba ƙara. Ya yi gabas kamar an harba shi, ya dawo, sannan ya sauka a hankali.

Da aka zo ɗorawa a mota, Lado ya sa hannu. Rana na dukan ƙeya, amma abin sanyi ƙalau, kuma sanyin ya shige masa har gwiwar hannu. Aka rufe da tamfol. Kafin su shiga gari, wata mota ta tare su aka sauya mata kayan. Babban cikin baƙin ya leƙo ta taga ya ce da Larabci, "Ya zol, bawan Allah, gangar magani ce ta lalace ka ɗauko. Mun fahimci juna?"

"Tamam, na fahimta," in ji Lado.

Matarsa Sauda kaɗai ya gaya wa. Ta saurare shi tana tsince wake, ta ce, "Malam, ka bar sama ga Mai sama. Muna da 'ya'ya." Ya yi shiru kuwa, amma shirun bai zauna masa ba. Ya tambayi makanikan jirgin feshi ko akwai ƙarfen da ba ya ɗaukar zafi, aka yi masa dariya. Ya je wajen limamin unguwa ya kewaya zance, liman ya ce halittun Allah ba su ƙirguwa. Duk lokacin da aiki ya bi da shi ta gonar nan, sai ya rage gudu.

Bayan yaƙi ya ɓarke, wata rana ya kai wayarsa gyara wajen Kamal, maƙwabcinsa mai rumfa a kasuwa. Kamal ya nuna masa wani bidiyo da aka fassara da Larabci: wasu tsofaffin jami'an Amurka a gaban majalisarsu, sun rantse suna cewa gwamnati na ɓoye labarin abubuwan da ake gani a sama.

Lado ya ce a sake masa. Aka sake. Ya ce, "Su ma an ce su yi shiru?"

"An ce, baba Lado. Suka ƙi."

Ranar bai koma ofis ba. Ya nufi wajen mai shayi a bakin kasuwar hatsi, inda dillalai da masu dako ke taruwa, ya amayar da labarin tun daga farko. Wasu suka ce aljannu ne, wasu suka ce kayan leƙen asiri ne na wata ƙasa. Wani kuma ya naɗi muryarsa a waya ya watsa, Lado bai sani ba.

Lokacin bai dace ba. Gari cike yake da masu gudun yaƙi, kowa a tsorace da musayyara, jirgin nan mara matuƙi. Duk mai zancen sama abin zargi ne. Wata safiya wasu mutane suka ɗauke shi daga ƙofar gidansa. A inda aka tsare shi ba wanda ya damu da kamannin abin da ya gani. Tambayarsu ita ce wa ya aiko shi, kuma wa yake nuna wa gonaki. Ya ce musu ai mutanensu ne suka karɓi abin, su duba. Mai tambayar ya ce ba a taɓa yin haka ba.

Liman da dattawan unguwa ne suka tsaya masa aka sake shi. Da ya koma ofis, an ba wani makullin boksi.

Sauda ta yi zaton yanzu zai haƙura. Sai ga shi ya hau motar Hawata, inda ya ji Mato ya koma da zama. Ya same shi ya tsufa tukuf, yana saƙa igiya a inuwar wata bishiya kusa da kogin Rahad. Mato ya ɗago ya gane shi, ya ce, "Direba. Hannunka ya daina sanyi?"

Lado ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ka zo ka faɗi abin da ka gani. Mu biyu ne shaidu."

"Na gani da idona, wallahi, kuma zan mutu da shi. Amma in ka kawo min wani nan, zan ce ban san ka ba." Ya sa aka kawo wa Lado ruwa, ya ci gaba da saƙarsa.

Yanzu raksha, keken haya mai ƙafa uku, Lado yake ja tsakanin kasuwa da makarantun da masu gudun hijira suka cika. Wasu 'yan unguwa na kiransa Lado Sama, bai hana ba. Ya daina ba da labarinsa, sai dai ya tambaya. Duk fasinjan da ya zo daga nesa, kafin a kai rabin hanya zai ji, "A can wajenku, kun taɓa ganin wani abu a sama da ba ku gane ba?"

Kwanan baya ya ɗauki wata mata daga Madani da ƙullin kayanta. Ya yi mata tambayar. Ta ce abin da ta gani a sama ta gane shi sarai, shi ya rushe gidan ƙanwarta.

Lado ya yi mata ta'aziyya. Bai karɓi kome a hannunta ba, ya taya ta sauke ƙullin, ya juya raksha ya koma tasha jiran motar da za ta iso daga kudu, ta wajen Simsim.