Ranar da Yayana Ya Je Ntoum Neman Wahayi

Cocinmu ɗaki ne guda a unguwar Derrière la Prison da ke Libreville, tsakanin mai gyaran firij da wata mata mai soya ayaba. Ranar da muka cika sosai, in aka haɗa da jarirai da kazar maƙwabta, ba mu wuce cika bas biyu ba. Iyayenmu daga Filato da Bauci da kudancin Kaduna suka zo, Hausa ce ta haɗa su. Mu da aka haifa a Libreville kuwa, Hausa ta cikin gida ce, Faransanci na lekwal, wato makaranta, da titi.

Yayana daban ne. A hannun kakarmu ya girma a Najeriya, sai da ya zama saurayi Baba ya ɗauko shi don ya taya shi zaman shagon kayan mota a unguwar Plaine Orety. Faransancinsa bai wuce gaisuwa da farashi ba. Irin mutanen nan ne da in ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri. Tun da na san shi bai taɓa cewa yana son wani abu ba, ko da ƙarin miya. Shi ya sa ranar da ya ce yana so a ba shi shugabancin matasan coci, Mama ta ajiye ludayi ta taɓa goshinsa.

Su biyu ne masu nema, shi da ɗan wani dattijon coci, ɗalibin jami'a mai tabarau. Fastonmu da Faransanci ya yi karatu, in magana ta yi zafi Hausa takan suɓuce masa. Bayan sujada ya ce, "Lahadi mai zuwa kowannenku ya tsaya nan ya faɗa mana bizyon ɗinsa. Wanda ba shi da bizyon, ba zan danƙa masa 'ya'yan mutane ba."

Yaya ya zunguro ni. "Ke, mene ne bizyon?"

Kalmar kuwa na san ta tun ajin yara, inda ake karanta mana labarin annabawa da Faransanci: sama ta buɗe, ga halittu masu fukafukai.

"Wahayi," na ce.

"Wahayi fa?"

"Irin na annabawa."

Iyakar sanina ke nan, kuma shi bai tambayi kowa ba, don ni ce ƙamus ɗinsa tun da ya zo.

Ya shiga azumi. Kowace safiya sai in leƙa in ce, "Yaya, an gani?" Rana ɗaya ya ce ya yi mafarkin tayar mota. Na ce ya rubuta, wataƙila Allah na kiran matasa su zama fakanaiza. Bai yi dariya ba. Zuwa ƙarshen mako ya rame har in ya juya gefe sai ka neme shi.

Ranar Asabar ya ce hayaniyar birni ce ta hana, zai tafi filin cocinmu da ke garin Ntoum, can wajen birni. Mama ta haɗa ni da shi, da gorar ruwa da soyayyar ayaba, wai in ya faɗi a samu mai ihu.

Filin nan an saye shi tun kafin a haife ni. An ɗaga bango ya kai taga, ƙarfi ya ƙare, daji ya karɓi abinsa. Daga bakin kwalta sai mun bi wata siririyar hanya, ciyawa ta fi ni tsayi. Da muka isa, ga itace ya tsiro a daidai inda ya kamata fasto ya tsaya, gansakuka ta rufe bulo kamar an yi masa riga. Tsakar rana ce amma hadari ya sauko ƙasa, duhu kamar magariba.

Yaya ya durƙusa. Ni na zauna a kan bulo ina rage wa ayabar nauyi.

Dajin wajen nan ba ya shiru, kullum ƙwari na ƙara kamar injin niƙa. Sai kawai suka ɗauke, gaba ɗaya, kamar an zare waya. Ina jin ƙarar taunata a cikin kaina. Na daina tauna.

Daga bayan bango wani ya fara waƙa.

Muryar namiji ce, tsoho, a hankali. Da Hausa. Tsohuwar waƙar sujada ce wadda mu ba ma yi, ban ma san ta ba. Amma Yaya ya ɗago kai, leɓensa na motsi. Daga baya ya ce ita kakarmu take yi in tana tankaɗe.

Na so in gudu, ƙafafuna suka ce su ba sa aiki ranar Asabar.

Waƙar ta zagayo bango har ta iso ramin taga, sai ga fuska. Tsoho ne siriri, da rigar ruwa da ta koɗe, da adda a hannu. Ya dube mu ya daɗe, kamar mai ƙirga kaya.

"Ku 'ya'yan wa ne?"

Yaya ya gaishe shi, ya ce mu 'yan cocin da ke da filin ne.

"To, madalla. Yaushe za a fara sujada?"

"Baba, ai cocinmu na birni."

"Birni." Ya jinjina kai. "Da na ga an sa bulo na ce mutanenmu sun iso. Kowace Lahadi ina zuwa in zauna. Ba wanda ya zo."

"Kai kaɗai ne a nan, Baba?"

"Ina fa." Ya nuna daji da bakin adda. "Muna da yawa a ciki. Birni ya yi mana nisa."

Na dubi inda ya nuna. Ba gida, ba hayaƙi, ba hanya, itatuwa ne kawai a tsaye. Na miƙa masa sauran ayabar. Ya ce ya gode, ya riga ya ci. Ruwa ya fara sauka, ya juya ya shiga ciyawa. Na kasa kunne in ji tafiyarsa, ban ji ba, amma ruwan yana da ƙarfi, ba zan rantse ba.

Da motar da muka hau ta shigo gari, Yaya ya juyo wajena. "Ban ga wahayi ba," ya ce. "Mutum kawai na gani."

Ranar Lahadi mai tabarau ya fara. Ya ce bizyon ɗinsa shi ne a sayi sabon piyano, a koya wa yara kwamfuta, matasa su ninka kafin shekara ta zagayo. Ba sama a buɗe, ba fukafukai. Fasto na ta gyaɗa kai. Nan na gane cewa manufa ake nufi, inda mutum yake so ya kai jama'a. Na yi wa Yaya alama, amma ya riga ya miƙe.

"Fasto, na yi azumi, na yi addu'a, wahayin bai zo ba."

Dariya ta fashe daga bencin baya. Fasto ya cire tabaransa. "Wa ya fassara maka?"

Duk wuyan da ke cocin ya juyo wajena, har na jarirai.

Yaya bai zauna ba. Ya jira dariyar ta lafa, ya ba da labarin tsohon, kalma bayan kalma, ba ƙari. Sannan ya ce, "Ni dai in an ba ni matasa, abu ɗaya na sani. Mu riƙa zuwa can muna sujada, ko ba rufi. Mu ɗaga murya har na cikin dajin su ji su fito."

Wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a ƙasar nan ya ce shi aka aika sayen filin, kuma bai taɓa jin akwai namu a wajen ba. Ba wanda ya sake dariya.

Fasto ya mayar da tabaransa. Ya ce wa ɗalibin jami'ar an bar masa maganar piyano, ya ci gaba da nema. Matasa kuwa ya ba Yaya.

Yanzu muna zuwa Ntoum farkon kowane wata, da adduna da tamfol. Mutane sun fito. Akwai wata mata 'yar Bauci da yaranta, akwai masu yankan katako biyu da suka ce sun manta rabonsu da sujada da Hausa. Mun kwatanta musu tsohon, da rigar ruwan da addar. Ba wanda ya san shi.

Yaya ne ke ba da waƙa. Mutumin da ba a jin muryarsa a gida, a can har tsuntsaye yake kora. Wani lokaci a tsakiyar baiti sai ya ɗaga hannu, mu yi shiru gaba ɗaya, mu kasa kunne wajen daji. In ba mu ji komai ba, sai ya sauke hannun mu ci gaba.