Ranar Da Na Kai Inna Ganin Dutsen Kwatarkwashi

Likitan ido ya gaya mini gaskiya bayan an fita da Inna, mahaifiyata, daga ɗakinsa. Ya ce ganinta yana tafiya, kuma ba mai dawowa ba ne. Da muka koma gidanmu a Gusau na tambaye ta ko akwai abin da take son gani. Na ɗauka za ta ce jikokinta na Kaduna. Sai ta ce dutsen Kwatarkwashi, wanda aka haife ta a gindinsa. Tun rasuwar iyayenta ba ta sake tsayawa ta dube shi ba, sai dai a wuce da ita a motar haya, an matse ta tsakanin buhuna.

Ni mace ce mai son tsari, kuma ba na jin kunyar faɗa. A lokacin ban daɗe da sayen 'yar motata ba, ni nake tuƙa kaina zuwa makarantar da nake koyarwa. Na shirya mana yini guda: mu fara da Bunguɗu da sassafe ta ga gulbi, mu juyo ta Gusau mu tsaya a dutsen da hantsi, mu ci abinci a Tsafe, mu dawo gida kafin la'asar. Yayana ya yarda da sharaɗi ɗaya, kada yamma ta same mu a hanya. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki.

Lokacin kaka ne. An yanke gero an jera dammuna a gonaki, dawa ta yi ja tana jiran tata ranar. Ina tuƙi ina ba Inna labarin abin da muke wucewa, tana gyara mini sunayen ƙauyuka. A bakin gulbin Bunguɗu ta tsaya ta ce tana ganin ƙyallin ruwa da farin wankin da aka shanya. Raina ya yi fari, na ce yau komai zai tafi daidai.

Can wata mai tallar gyaɗa ta gane Inna. Suka gaisa, a cikin gaisuwar ta ce ai an yi rasuwa a Furfuri, mijin wata 'yar ƙawar kakata.

"Juya mu tahi," in ji Inna.

"Inna, ko sunan mamacin ba ki sani ba."

"To mi? Kunnena ya ji. In ji rasuwa in wuce kallon dutsi, in aka ba da labari mi za a ce da ni?"

Na san ba a jayayya da wannan. A wajenmu, in ka ji mutuwa kana kusa, ƙafarka ta ɗauru har sai ka je ka yi gaisuwa. Na juya mota ina cika ina batsewa. Muka zauna a tabarma cikin mata, aka yi addu'a, aka kawo fura, aka shiga tono zumuncin da ya haɗa kowa da kowa. Hantsin da na ware wa dutse ya ƙare a tsakar gidan nan.

Da muka tashi tafiya sai ga wata tsohuwa da ƙullin kayanta ta tsaya jikin motata. Daga Tsafe ta zo gaisuwa, kuma ta ji an ce can muka nufa. Mai mota ba ya barin gidan makoki da kujera babu kowa, ko tambayata ba a yi ba. Ta shige baya, ta ce, "Ashe mata na tuƙi hakanga? Allah shi tsare, ɗiyata, ki bi a hankali."

Mun iso Kwatarkwashi rana ta take tsaka. Na tsaya a gefen titi, na fito da Inna, na juya ta wajen dutsen. Ga shi nan ya tokare sama, ko yaro ya gan shi daga nesa. Inna ta kare fuska da tafin hannu, idanunta suna ta zubar da ruwa.

"Ina shi ke?"

"Ga shi gabanki, Inna."

"Haske ɗai ni ka gani. Bar shi, mu kai baiwar Allah gida."

Ta faɗa kamar ba komai. Ni kuwa zuciyata ta yi baƙi ƙirin. Na yi fushi da Furfuri, da mai gyaɗa, da rana ma kanta.

A Tsafe 'ya'yan tsohuwar suka rantse ba za mu tafi da yunwa ba. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, muka yi la'asar a nan. Da muka fito tsakar gida, rana ta sauka bayan katanga, sai na ji Inna ta ce wa matar gidan, "Zanenki mai kyau, shuɗi da ratsin ja." Na dubi zanen. Shuɗi ne da ratsin ja. A nan na gane cewa ba dutsen ne ya fi ƙarfin idonta ba, hasken tsakar rana ne yake kashe mata gani.

Muna shiga mota yayana ya kira, ya ce kada in tsaya ko'ina, in miƙe gida. Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba.

Da muka zo dutsen ban tsaya inda muka tsaya ɗazu ba, don a nan rana za ta dake ta a fuska. Na wuce, na sauka wata 'yar hanyar gona, ina tafiya ina duba inuwar motar har sai da ta miƙe a gabanmu. Wasu manoma da ke ɗaure dawa suka bar aiki suna kallonmu. Na yi musu sannu, na ce tsohuwata na kawo ta ga garinsu. Suka ce bismillah, ɗayansu har ya janye jakinsa daga hanya.

Na fito da ita, rana a bayanta. Hasken yamma ya kwanta a jikin dutsen, kowane tsagi ya fito, duhun itatuwan gindinsa ya rabu da farin jikinsa.

Ta daɗe a tsaye. Sai ta ɗaga hannu ta nuna.

"Ga shi nan. Kin ga tsagin can na dama? Ƙasa gare shi gidanmu ya ke. Nan munka yi wasa, nan ni ka shanya wa innata tsaba."

Na duba, tsagin yana daidai inda yatsanta ya nuna. Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Waya tana ta ƙara a cikin mota, na bar ta ta yi ta yi. Na yi digiri, na yi aure, na sayi mota da gumina, amma ban taɓa jin na isa 'ya ba kamar wannan yammacin, kuma har gobe ina alfahari da shi.

Inna ta sauke hannu ta gyara mayafinta. "Mu tahi," ta ce, "na gani."

Mun shiga Gusau ana kiran magariba, yayana yana tsaye a ƙofar gida ya haɗe rai. Kafin damina ta zagayo, idanun Inna suka rufe gaba ɗaya.