Gungun Garwashi

A Yawuri na girma, a gidan kakata Inna, daf da bakin kogi. Lokacin sanyi, da an idar da magariba sai ta hura wuta a tsakar gida, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu zagaye ta. Ni ce sarkin tambaya, har takan ce bakina ya riga ƙafafuna tafiya.

Labarin da na fi so shi ne na wani ɗan tsibiri a arewa da gari, wanda ba kowa a kansa sai tsuntsaye. Gungun Garwashi ake ce masa, domin gungu muke ce wa tsibiri. Inna ta ce da can akwai gidaje, amma ruwa ya yi ta cin gonakin albasa har kowa ya tashi, sai wata tsohuwa da ta ƙi. Wutarta ba ta mutuwa. Masuntan da sanyi ya kama sukan tsaya su ɗebi garwashi a kasko, su bar mata kifi. Da ta rasu, sunan ya zauna.

"Inna, mene ne sunan tsohuwar?"

"Ke dai da tone-tone! Wa zai kama sunan babba? Iya ake ce mata."

Haushi ya kama ni, na kwanta ina mita.

Bana a Hyattsville, can ƙasar waje inda nake zaune, ina dafa tuwo, na ba 'yata Zainab labarin. Ta duba taswira a wayarta, ga ɗigon ƙasa a tsakiyar ruwa, ba suna. Sai ta ɗago ta tambaye ni da Turanci, ita Innar mene ne sunanta.

Ashe ban san sunan kakata ba. Kunya ta hana 'ya'yanta faɗa, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. Kawu Sule kaɗai ya rage a cikin 'ya'yan nata, ga shi ya tsufa tukuf.

Na kira shi nan take. Muka gaisa, na tambayi jiki, sannan na faɗi abin da ke tafe da ni. 

"Yanzu sunan mahaifiyata kike so in kama?" Ya yi 'yar dariya. "To, sunan matar Annabi Adamu gare ta."

Na ajiye muciya, na ce wa Zainab, "Hauwa'u."

Ta maimaita da karyayyen harshenta. Na ce ta sake faɗa.