Mai Juna Biyu a Tashar Tambuwal

Ruwaida ta dawo daga karatu tana ganin aikin tiyatar rage ƙiba na mutanen waje ne. Sai ga wata mai juna biyu tana jiran motar Kebbe, rigarta ta yi mata yawa, wataƙila ta lokacin ƙiba ce. Tana kurɓar fura kaɗan-kaɗan. Mahaifiyar matar tana ba mai fura labari: an rage wa 'yar tata tumbi a Masar, bana hanjinta ya murɗe, suka ɗauka laulayi ne suna ta ba ta jiƙo, sai da aka yi mata aiki a Sakkwato.

Ruwaida ta matsa. "Sannu, Yaya. Cikin fa?"

Matar ta murmusa. "Lafiya lau. Ga shi nan shina shurina, wai furar ba ta ishe shi ba."