Mai Tsaron Takalma a Bakin Tabkin Gidimuni

Duk ranar Asabar, da an sallame sallar asuba, Mushe Modu Garba (Mushe ake ce wa malamin boko a Damagaram) yakan fito daga lungunsu na Birni da igiya a kafaɗa da jarkoki fanko a hannu. Motar jami'a ce za ta kwashe shi da ɗalibai 'yan ƙungiyar iyo zuwa tabkin Gidimuni, don Damagaram ba garin ruwa ba ce. Shi ba babban mai horarwa ba ne, mataimaki ne, kuma a mataimakin ya yi furfura. In an ci kofi wani ke ɗagawa. Ka duba hotunan, da ƙyar za ka ga gefen hularsa.

Doka ɗaya gare shi, wadda ɗalibai suka daɗe suna yi wa dariya. Kafin kowa ya taɓa ruwa sai ya jera takalmansa a gaɓa, in ya fito kuma ya sa su nan take, ko da laka a ƙafarsa. Har suna suka sa masa, Sarkin Takalma. Bai taɓa jin haushi ba.

Wata rana aka yi tseren gwaji. Duk ido na kan wanda ya zo na ɗaya, ana ta ɗaga shi sama, direba har ya tada mota. Mushe Modu kuwa ƙasa yake kallo. Silifa shuɗi ƙafa biyu na nan a jere, na wani ɗalibi mai suna Kassim.

"Mushe, ai ya fito," in ji wani. "Kamar na gan shi ya nufi masu rake."

"Kamar ka gan shi, ko ka gan shi?"

Mushe bai tsaya tuɓe riga ba, ya faɗa ruwa da jarka. Can bayan ciyawar kacala, inda ba a hange daga gaɓa, ya tarar da Kassim. Jijiyar ƙafa ta ɗaure masa, ya riƙe ciyawa, ruwa ya kai masa haɓa, muryar kiran taimako ma ta ƙare.

Da Hajiya Kaltuma, mahaifiyar Kassim, ta zo godiya, a soro ya tarbe ta. Nan ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa ɗalibai ba.

"Hajiya, muna ƙanana tabkin damina ya ci ƙanena. Takalmansa aka kawo wa innarmu. Na ga fuskarta. Ba na son wata uwa ta karɓi takalmi ba mai shi."

Kai ne, Mushe Modu, mai kallon na baya lokacin da duniya ke tafa wa na gaba. Kai ne ka koya wa 'ya'yan tudu shiga ruwa, ka kuma maido wa kowace uwa nata. Tsawon aikinka ba a taɓa kai takalmi gidan kowa ba. Ban san kofin da ya kai wannan ba.

Bana ya ajiye aiki. Ranar ƙarshe tsoffin ɗalibansa suka zo, har da Kassim, wanda yanzu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Takieta. Suka roƙe shi ya shiga ruwa tare da su. Kowa ya fito ya sa nasa, saura tsoffin takalman fata guda biyu a gaɓa, mai su na tahowa a hankali, iyon dattijo. Direba ya danna oda. Ba wanda ya motsa.

"Dakata, direba," in ji Kassim. "Akwai takalmi a ƙasa."

Mun gode, Mushe. Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka gama lafiya. Mu kuma da aka ba amanar 'ya'yan mutane, a aji ne ko a bakin ruwa, kada mu tada mota sai mun duba ƙasa.